Jirgin Tol a Gulbin Kaba

Bari in fara da gyara wani kuskure, don na gaji da jin sa. Da zarar ka ce wa mutum daga Tasawa kake ko Mayahi, abin da ke faɗo masa a rai rairayi ne da gero da rijiya mai cinye igiya. Sai ya ce maka, "Ai ku ba ku da ruwa." Har mu ƴan ƙasar mun saba da maganar, muna maimaita ta da bakinmu. To ƙarya ce. Muna da ruwa. Abin da ba mu da shi shi ne mai tashi ya je ya gan shi a lokacinsa. Ruwanmu ba ya zama shekara: damina ke kawo shi, ya kwanta a tabkuna da cikin gulbi, ya yi kyan da ba ku taɓa zato ba, rani ya zo ya ɗauke. Ni ma da nake wannan cika baki, sai bana na gani, kuma ba don son yawo na fita ba. Jirgin yayana ne ya fitar da ni.

Yayana mai walda ne a bakin tasha. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe. Bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, a waya kawai ya gani, amma abin ya shiga ransa ya ƙi fita. Ya dinga tara ragowar tol, wato fallayen ƙarfe, da sauran ƙarafa, in ya tashi daga aiki ya zauna a tsakar gidanmu yana ƙwanƙwasa, har ya haɗa wani abu dogo mai tsinin baki, ya shafa masa shuɗin fenti. Unguwa ta samu abin dariya. Masu wucewa su leƙo su tambaye shi yaushe ruwan ɗufana zai sauko, a ajiye musu wuri. Baba kuwa bai yi dariya ba. Yana da sa da yake turkawa, kuma kwamin da san ke shan ruwa ya huje. Ran nan ya tsaya a kan jirgin ya ce, "Da an ɗaure gero, in abin nan bai nuna mini shi jirgi ba ne, gaban san nan zai koma ya zama kwami." Baba ba ya faɗin magana sau biyu. Tun daga ranar Yaya ya daina hira, abinci ma sai an matsa masa.

Za ku ce ai akwai tabkuna a cikin Tasawa. Akwai, amma leda da ruwan kwata sun cika su, ga ƴan kallo. Yaya ya ce in jirginsa zai nutse, ya nutse inda ba a san sunan ubansa ba. Ni kuma bakansi, hutunmu na makaranta, ta kusa ƙarewa, zaman gida ya ishe ni, na ce da ni za a je. Baba ya ce ba inda zan kwana a daji sai da babba. Haka aka sa Gwaggo, ƙanwarsa, a cikin tafiyar, da ɗanta, taubashinmu, mai babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Shi ne direba, shi ne kuma mai bakin da ba ya rufuwa.

Ana sallame sallar asuba muka ɗaure jirgin muka tashi, tun kafin masu shayin bakin tasha su hura wuta. Mun lulluɓe shi da bash, wato tamfol, kamar gawa. Gwaggo ta zauna a cikinsa kan tabarma, da kwanukanta da carbinta, ni ina gefenta na rungume bido, jarkar ruwanmu. Kudu muka nufa, wajen Korgom, don wani abokin aikin Yaya ya ce ya ga babban tabki a can.

Da ka sauka daga godoro, titin kwalta, hanya ta zama abin da Allah ya yi. Jar ƙasa da farko, mai ramuka cike da ruwa, daga baya rairayi zalla. Amma abin da ke gefe da gefe ya mantar da ni ciwon baya. Gero ya fi mu tsayi, kawunansa sun yi nauyi sun sunkuya, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashi, ko'ina kore har ido ya gaji. Ƙasar da na sani da rani fara fat kamar an share ta, ita ce wannan. A wani ƙauye muka tsaya sayen esans, man fetur na kwalba, wanda kowane gari da nasa farashin, ya danganta da yadda mai sayarwa ya ga fuskarka. Mata na gasa tumu a bakin hanya, dala biyar zangarniya. Na ci har haƙorana suka yi baƙi. In za ku yi tafiyar nan, ƙarshen damina za ku yi ta, ko don tumun.

Da hantsi muka hango tabkin, yana walƙiya a tsakanin gonaki kamar an yar da madubi.  Bado ya rufe gefe guda da fararen furanni, kirinjijiya na shawagi suna fito, balbela sun yi layi a bakin ruwa fari tas. Ina tsaye ina tambayar kaina yadda aka yi na girma kusa da wannan ban taɓa jin wani ya ambace shi ba.

Muka sauke jirgin a bakin ruwa, muka yaye bash. Ba mu ankara ba sai ga garken shanu ya gangaro. Shanun nan suka bar tabki guda a gabansu, suka nufo jirgin, suka kewaye shi, suna tura kawuna ciki suna neman ruwa. Taubashi ya riƙe ciki ya durƙusa.

"Yaya, ka gani? Su ma sun bi bayan Kawu! An gama shari'a, mu koma gida."

Matar da ke biye da garken, wata Bafulatana mai ƙwarya a ka, ta yi dariya har ta aje ƙwaryar. Yaya ya kora shanun gefe. Ya naɗe wando ya ja jirgin ya shiga ruwa. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ya zama ɗan ƙarami, ruwa bai wuce ƙwaurinsa ba. Da ya hau, jirgin ya zauna daram a kan laka. Faɗi ne da tabkin, ba zurfi. Matar ta ba mu nono mai sanyi, ta ce tabkin wajen Baudeta ma haka yake, har ya fara ja da baya. In zurfi muke nema, mu nufi Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, bana ruwa ya kwanta sosai a can, danginta da suka fito daga arewa suka faɗa mata.

Nan muka kwana, kuma wurin kwana ne mai kyau in kun san inda za ku shimfiɗa. Yaya ya zaɓi wani fili mai faɗi, sumul, ba ciyawa ko ɗaya, ya fara kafa bash. Gwaggo, wadda a ƙauye ta tashi, ta tambaye shi ko yana son saniya ta tashe shi sallah da kofato. Burtali ne, hanyar da shanu ke bi su sha ruwa. Muka koma kan tudu kusa da gidajen mutane, bayan mun je mun gaida mai gari. Gidan sauro kuwa, kada wanda ya bar nasa a gida. Sauron bakin tabki ba irin na birni ba ne, wannan da rundunarsa yake fitowa tun kafin magariba.

Washegari hanya ta tilasta mana komawa ta Tasawa. Yaya ya ce ko kashe shi za a yi ba zai bi ta tasha ba. Muka zagaye garinmu ta bayan gonaki kamar ɓarayi, Gwaggo na cikin jirgi tana jan carbi tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin hauka mai tsari irin wannan ba. A Mayahi muka tsaya muka sha fura, muka sayi cuku da sukari da ganyen shayi, muka tambayi hanya. Ba zan rubuta sunan ƙauyen da aka nuna mana ba. Wanda ke so ya tambaya a kasuwar Mayahi inda ruwa ya fi kwanciya a gulbi, za a faɗa masa, kuma kowace shekara amsar na iya sakewa.

Duk abin da aka koya mini a kwalej game da Gulbin Kaba shi ne tsohon kogi ne da ya mutu. Ban san yadda matacce yake kama ba, amma ba haka ba ne. Ana cikin tafiya a kan tudu sai ƙasa ta fara gangarewa, iska ta sake, ta yi sanyi ta yi ƙamshin laka, sai ga ka a cikin dajin goruba. Dogaye masu rassa biyu, gajeru masu ganyen kaba kamar tafin hannu a buɗe, ko'ina, iya ganinka. Babur ya kafe a rairayi, muka ɗauki hayar amalanke, aka ɗora jirgin, shanu biyu suka ja mu a hankali. Ni da ba na jure jinkiri, ran nan ban ce a yi sauri ba.

Sai ruwan ya bayyana. Ba zagayayye ba ne kamar na Korgom, dogo ne, yana lanƙwasa yana ɓacewa a bayan itatuwa. Goruba na tsaye a cikinsa har ƙugu, kowace da ƴar uwarta a kife a ƙarƙashinta. Launinsa ya yi duhu a tsakiya, alamar zurfi. Ba leda ko ɗaya. Ba ƙara sai ta tsuntsaye.  Yaya ya diro daga amalanke tun ba ta tsaya ba.

Na ce a tura kawai. Mun kama jirgin ke nan Gwaggo ta daka mana tsawa. A bakin ruwa akwai wata sanda a kafe, an ƙulla ganyen kaba a kanta. Ni na ɗauka wasan yara ne. Ashe alama ce cewa an rufe ruwa. A garin nan, da tabki ya cika, Sarkin Ruwa ke ƙulla kabar nan, daga ranar kuma ba taru, ba ƙugiya, ba gorar da masunta ke kwanciya a kanta su yi iyo. A sha, a ɗiba, a shayar da dabba daga baki, amma ba mai shiga tsakiya sai kifi ya girma an sa ranar buɗewa, gari duka ya shiga tare.

Muka je gaida Sarkin Ruwa. Wani tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin gawo, ya miƙe ƙafafu. Ya saurari Yaya har ƙarshe, ya ce a'a cikin ladabi. Ni kuwa bakina ya riga hankalina.

"Baba, ai mu ba kifinku muka zo kamawa ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kin sani, ɗiyata. Kifin ne bai sani ba."

"To yaushe za a buɗe?"

"In an ɗaure gero."

Na ga fuskar Yaya ta zube. Lokacin da Baba ya yanka ke nan, ba ƙari ba ragi. Kafin a buɗe ruwan nan, sa ya riga ya sha a jirgin.

Da muka koma masauki na ja Yaya gefe. Na ce ruwan nan dogo ne, mu ɗauki jirgin mu zagaya can ƙarshe inda ba kowa, ya hau, taubashi ya ɗauka a waya, mu tafi abinmu. Ya dubi ruwan ya ce, "In na shiga da sata, ko ya tashi, wa zan iya gaya wa?" Na ce masa to ya zauna da gaskiyarsa sa ya sha ruwa a ciki. Na tafi na bar shi. Har yanzu ina ganin shawarata ta fi sauri, amma ba ita aka bi ba.

Gwaggo ta ce ba za mu juya a ranar ba, baƙo ba ya zuwa gari ya ji a'a ya tashi kamar an kore shi. Muka kafa bash a kan tudu kusa da gidan mai gari. Don kada haushi ya kashe ni, da safe na bi matan garin da ke zuwa yankan kaba, wadda suke saƙa tabarmi da igiya da ita. Wannan tafiyar ƙasa ita ce abin da zan fi ba ku shawara a kai. Hanyar na bin gefen ruwa, wani wuri inuwa ta rufe ka ruf, wani wuri ka fito fili ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Shamuwa sun taru a kan wani busasshen itace, matan suka ce shirin tafiya suke, damina ta ƙare ke nan. Muka ci goruba, muka tsinki ɗanyen wake a gonar ɗaya daga cikinsu. Suka nuna mini inda ake haƙo gaiwa da rani, kifin da ke shiga laka ya naɗe ya yi barci a busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo. Na ce su daina yi mini tatsuniya. Suka ce in dawo da rani da fartanya. Ku sa takalmi rufaffe, ku kuma manta da dogon zane mai jan ƙasa: ƙarangiya ta mayar da nawa bushiya. Kada kuma zafi ya ruɗe ku ku faɗa wanka inda ruwa ya tsaya cak a baki, tsargiya na nan.

Da la'asar sakaliya muka hau wani tudun rairayi. Daga samansa gulbin duka ya shimfiɗu a gabana, kore mai duhu yana ratsa gonaki kamar an ja layi da tawada, ruwa na ƙyalli a cikinsa wuri-wuri, rana na faɗuwa a kansa ja wur. Garken shanu na gangarowa ta burtali, ƙurar da suka tayar ta zama ruwan zinariya. Ban ɗauki hoto ba. Na ɗaga wayar na ga abin da take nuna mini ƙarami ne ƙwarai, na mayar da ita.

Ashe duk wunin nan Gwaggo aiki take. Ta zauna da matar Sarkin Ruwa suna saƙar kaba, ta fito da sukari da shayi, hira ta yi daɗi, ta jiyo abin da gari ya sani ba mai faɗa. Kafin a sa ranar buɗe ruwa, dole Sarkin Ruwa da kansa ya hau gora ya kai tsakiya, ya kafa doguwar sanda, ya ga zurfin bana, ya yi addu'a a wurin. Ba mai yi masa. Bana kuwa gwiwoyinsa da bayansa sun ƙi, ɗansa da zai gaje shi ya tafi ci-rani bai dawo ba, shi ya sa yake ta ja da ranar yana cewa sai an ɗaure gero. Na ce to ai shi ke nan, mu je mu ce masa mun san ba ya iyawa, ga jirgi. Gwaggo ta ce in na buɗe bakina a gaban tsohon nan, da muciya za ta rufe mini shi.

Abin da ta yi kawai shi ne ta sa Yaya da taubashi suka ɗauki jirgin da sassafe suka aje shi a inuwar gawon da tsohon ke zama, wai rana na ɓata fenti. Sannan ta ce kowa ya kama bakinsa. Tsohon ya fito, ya zauna, ya yi kamar bai gan shi ba. Can ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa gefen. Can ya tambayi ko ƙarfen na da tsatsa. Mutane suka fara taruwa. Da ya ga sun yi yawa sai ya gyara murya.

"Abin nan, ban san ko zai cuci ruwa ba ko ba zai cuta ba. Kuma ba a yanke wa baƙo hukunci da ka. Sai na hau shi da kaina na duba." Ya juya ga wani. "Ɗauko mini doguwar sandar nan, tunda dai zan shiga."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya gane, kowa ya kuma yi kamar bai gane ba. Ni abin ya fi ƙarfina, na sunkuyar da kai ina cizon mayafi.

Aka ɗaura bido biyu marasa komai a kowane gefe saboda tsaro. Aka ɗaga tsohon aka zaunar da shi a gaba, Yaya a baya. Jirgin ya tashi! Ya tashi, jama'a, ya bar ƙasa, yana lilo a kan ruwa. Sai dai ya karkata, kuma wani ɗinki na zubar da ruwa kaɗan-kaɗan. Ana bukatar mutum na uku a tsakiya, mai riƙe moɗa yana kwarfewa. Aka dubi taubashi. Ya ja da baya ya ce shi direban ƙasa ne, takardarsa ba ta kai ruwa ba. Tsohon ya nuna ni da gemu.

"Matata mai baki, shigo. In mun nutse ke za ki yi wa kifi bayani."

Ban iya iyo ba. Yaya ma bai iya ba. Aka zura mini shambur, robar cikin tayar babur, a ƙugu, Gwaggo ta tofa mini addu'a, na shiga.

Yaya ya ɗauko matuƙinsa da ya ƙera da alfahari, na bututun ƙarfe da tol. Tuƙi na farko ya suɓuce daga hannunsa, ya yi ƙasa, ko kumfa bai bari ba. Mai walda ne kaɗai zai yi matuƙin jirgi da ƙarfe. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce a miƙo murafen kwanukan Gwaggo. Da murfin kwano muka tuƙa jirgin nan, Yaya ta dama, tsoho ta hagu, ni ina kwarfa.

Da muka yi nisa da baki, hayaniyar mutane ta yanke. Ban san akwai irin wannan shirun a duniya ba. Muna ratsawa tsakanin goruba, ina miƙa hannu ina taɓa ganyen da da rani sai an ɗaga kai ake ganin sa. Sama na ƙarƙashinmu, gizagizai na wucewa ta gefen jirgi. Kifi ya dinga bugun tol ɗin daga ƙasa, ƙwas, ƙwas, kamar mai sallama a ƙofa. Garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya daga cikin bado, iskar fukafukansu ta taɓa mini fuska. Na manta da moɗa sai da ruwa ya jiƙa mini zane.

A tsakiya tsohon ya ce a tsaya. Ya zura sandar nan, wadda ta fi tsayin mutum biyu, ta yi ta shiga har saura kamu ɗaya a waje. Ya danna ta ta kafu. Ya ɗebi ruwa da hannu ya shafa a fuska, ya yi addu'a a hankali, mu muna amin. Sannan ya juya ya fuskanci baki, ya ɗaga murya ya faɗi ranar buɗe ruwa. Guɗa ta tashi daga wajen mata, ta biyo saman ruwa ta iske mu. Na waiwaya in yi wa Yaya magana, na ga ya juya fuska yana kallon wata goruba da ba abin kallo a jikinta, kafaɗunsa na motsi. Na bar shi.

Da muka fito, tsohon ya yanke hukunci a gaban jama'a cewa abin ba ya cutar da ruwa, amma jirgin ba zai sake shiga ba sai ranar buɗewa, kamar kowa. Ya ce mu dawo da shi a ranar, da matuƙin itace irin na masu hankali.

A komowa ba mu zagaya ta bayan gonaki ba. Ta tasha muka bi, da rana tsaka, ba bash, Gwaggo zaune a ciki kamar amarya, laka ta ja layi a jikin shuɗin fenti, jijiyoyin bado na reto a bakin jirgi. Taubashi, wanda ko yatsa bai sa a ruwa ba, shi ke ba masu shayi labari da ƙarfi yana cewa "mun tuƙa".

Baba na tsakar gida yana ba sa dusa. Taubashi ya miƙa masa waya don ya ga hoton, Baba ya ture ta. Ya zagaya jirgin, ya sa yatsa ya bi layin lakar, ya zare jijiyar bado ɗaya ya sansana. Sannan ya dubi Yaya.

"Mutum nawa yake ɗauka?"

"Uku, Baba."

"Ni da uwarku da kai ke nan." Ya dube ni. "Ke kin riga kin hau." Sai ya ce wa Yaya gobe ya nemo rabin tano, wato ganga, ya yi wa san nan kwami, ya gaji da ganin ruwa na zuba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Ruwan ƙasarmu na da lokaci, kuma yana da masu shi. Wanda ke son tsuntsaye da wurin shimfiɗa tabarma ya nufi tabkunan Korgom. Wanda ke son tafiyar ƙasa a inuwa da ruwa mai zurfi ya gangara Gulbin Kaba kafin shamuwa su gama tafiya. Ya fara da gaida mai gari, ya duba ko akwai kaba a ƙulle, in kuma bakinsa irin nawa ne, ya tafi da gwaggonsa.

Ni dai ranar buɗe ruwa zan koma, ko da lakwal, makarantarmu, ta buɗe, zan san abin da zan faɗa wa malamai. Wurina a jirgi Baba ya ƙwace, don haka matar Sarkin Ruwa ta ce za ta koya mini hawan gora a inda ba zurfi, har in iya kai kaina tsakiya ba shambur a ƙugu. Na riga na sayo tawa a kasuwa, ƙatuwa, sai da hannu biyu ake rungumar ta. Na rataye ta a ɗaki, can sama, inda san Baba ba zai gan ta ba.